Baƙin mai na ɗiga a ƙasan Land Cruiser ɗina: sai an sauke giyabos, ko zan iya gyarawa a gida?

Mai_Kuruza80:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Land Cruiser 80, injin dizal 1HZ, mai giyar hannu. Kwanan nan duk inda na ajiye ta sai na tarar da ɗigon baƙin mai a ƙasa, daidai inda injin ya haɗu da giyabos. Ba zuba yake yi sosai ba, amma geji yana nuna man na raguwa a hankali. Wani makanike ya leƙa ƙasan motar, ko bonet bai buɗe ba, ya ce sil ɗin bayan karanshaf ne ya mutu, wato zoben robar da ke hana mai fita ta bayan injin, sai an sauke giyabos. Ni nake yi mata juyen mai da canjin filta da hannuna, ina da sifanu da soket da jak. Don Allah masu sani, wannan aikin zai yiwu a gida kuwa?

DirebanDaji:
Wa alaikumus salam. In dai daga wannan wurin yake ɗiga, to makaniken ya faɗi gaskiya. Sil ɗin baya ne. Motar ta manyanta, robar ta bushe.

Tsohon_Makanike:
Malam Direba, a yi haƙuri, ban yarda a yanke hukunci da wuri haka ba. Inda mai yake ɗiga daban, inda yake fitowa daban. Injin irin waɗannan motocin a tsaye yake daga gaba zuwa baya, kuma bayansa ya ɗan fi gabansa sauka. Ga iskar fanka da iskar gudu, duk baya suke kora mai. Saboda haka ko daga can sama man ya tsiyayo, zai bi jikin injin ya gangaro ya taru a mahaɗar injin da giyabos, daga nan ya ɗigo. Motoci da yawa an sauke musu giyabos, an sa sabon sil, an mayar, washegari ɗigon yana nan yadda yake, domin gaskit ɗin murfin sama, wato robar da ke tsakanin murfin da kan injin, shi ne yake yoyo ta kusurwar baya, wurin da ido ba ya kaiwa.

Ɗan'uwa Mai_Kuruza80, kada ka sayi komai tukuna, kada ka kwance komai. Fara da wanki. Ka bari injin ya huce sarai, ka cire farantin kariya na ƙasa in akwai shi, don yana tara mai da laka yana ɓatar da sawu. Ka wanke injin daga sama har ƙasa da maganin wanke maiƙo da buroshi. Ka rufe altaneta da bakin shaƙar iska da leda, kada ka harba musu ruwa. In ya bushe ƙarau, ka barbaɗa farar hoda a duk wuraren da ake zargi: gefen murfin sama musamman bayansa, gindin filta, leɓen kaskon mai, da mahaɗar giyabos. Ka tada injin ya yi zafi, ka ɗan zaga da motar, ka dawo ka haska da tocila. Man zai zana baƙin layi a kan hodar. Ka bi layin nan zuwa sama, wuri mafi tsayi da ka ga danshi, to nan ne mafarin. Bayan injin da ƙaramin madubi za ka duba shi, ko ka zura waya ka ɗauki hoto.

Hajiya_Prado:
Kafin ma a kai ga hoda, ka tabbatar baƙin mai ne? Mota mai ja da ƙafa huɗu tana da wuraren mai da yawa a ƙasanta: injin, babban giyabos, ƙaramin giyabos mai raba ƙarfi gaba da baya, aksul na gaba da na baya, ga man sitiyari. Ka shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinta da dare. Da safe ka shafa ɗigon da yatsa ka sansana. Man injin dizal baƙi ne wuluk saboda hayaƙin da yake kwasa. Man giya ya fi kauri, launinsa na zuma-zuma ne, kuma yana da warin farar wuta mai hawa kai, wanda ya taɓa jinsa ba ya mantawa. Man sitiyari a Toyota yawanci ja ne. Sil ɗin gaban giyabos ma idan ya mutu, ta wannan mahaɗar yake ɗigowa.

Mai_Kuruza80:
Na gode Hajiya. Baƙi ne ƙirin, kuma ba shi da wannan warin. Baba Tsohon_Makanike, zan yi wankin in sha Allah in dawo da bayani. Da fetur zan iya wankewa?

Tsohon_Makanike:
A'a, ka rufa wa kanka asiri da fetur. Tururinsa yana kwanciya a ƙasan mota, tartsatsi ɗaya daga kan batir ya isa ya tada gobara. Maganin wanke maiƙo, ko feshin wanke birki a inda iska ke shiga da fita.

Sifana_Goma:
Ni shawarata mai sauƙi ce. Ka koma mai mai kauri, 20W-50, ka ƙara masa maganin tsayar da yoyo na gwangwani. Na yi wa tsohuwar motata haka, ɗigon ya ragu sosai, ban kwance ko noti ɗaya ba.

Injiniya_B:
Malam Sifana, raguwa ya yi, ba tsayawa ba. Wancan maganin abin da yake yi shi ne kumbura roba ta ɗan yi laushi. In sil ɗin bushewa kawai ya fara, zai iya ba ka ɗan lokaci. In ya tsage, ko leɓensa ya ci rami a jikin karanshaf, ko gaskit ne ya karye, babu ruwan gwangwanin da zai ɗinke shi. Kuma ba robar da ke yoyo kaɗai yake kumburawa ba, har da masu lafiya. Batun kauri kuma, mai kauri yana jinkirin isa saman injin idan an tada mota da sanyi, kuma a wannan lokacin ne injin ya fi cin kansa. A tsaya a kan abin da littafin motar ya rubuta daidai da yanayin zafin inda ake tuƙa ta.

Sifana_Goma:
Injiniya, ba kowa ne ke da halin sauke giyabos ba. Wanda motarsa ce abin neman abincinsa, in ya samu abin da zai riƙe shi zuwa lokacin da zai shirya, ai ba laifi ya yi ba.

Injiniya_B:
Ban ce laifi ba ne. In ɗigo kaɗan ne, gara ma ya riƙa duba geji kowace safiya yana cikawa, ya fi masa sauƙi da aminci a kan zuba abin da bai san me zai yi wa sauran robobin ba. Amma akwai yoyon da ba a jira da shi: wanda ke sauka a kan salansa mai zafi, wanda ke jiƙa taimin bel, da wanda ya fara shiga kuloci.

Ummu_Hilux:
Ku fara da ƙananan abubuwa mana. Yaushe ka yi juyen mai na ƙarshe? Ka canza washar notin juye? Wannan washar ta alminiyam ce ko ta jan ƙarfe, sau ɗaya take matsuwa ta toshe, in aka maimaita ta sai ta riƙa gumi. Sai filta: wani lokaci robar tsohuwar filta tana mannewa a jikin injin, a ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu ke nan, kuma ba za su riƙe ba. An taɓa yi mini haka a wani wurin sabis, ina fitowa titi fitilar mai ta kama, na tsaya na ga man yana tsartuwa. Filta da hannu ake ɗaure ta, a shafa wa robar ɗan mai, in ta taɓa jikin injin a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye.

Mai_Kuruza80:
Washa nakan canza ta duk juye. Gindin filta zan sake dubawa bayan wanki.

Bature_4x4:
A ƙara da suwic ɗin fitilar mai. Ɗan ƙaramin abu ne, amma idan robar jikinsa ta tsage yana jiƙa gefen injin gaba ɗaya. Alamar da ke taimakawa: yoyon da ke fitowa sai injin na aiki, daga wurin da mai ke da matsi ne, kamar suwic, filta ko bututun mai. Wanda ke ci gaba da ɗiga ko mota ta daɗe a ajiye, a nemi notin juye ko kaskon kansa, wataƙila dutse ya buge shi ya yi tsaga. Masu Hilux mai injin 3L ko 5L kuma su duba bayan altaneta, akwai famfon iskar birki a wurin da tiyon mai ke shiga da fita, yana yawan yoyo.

Tsohon_Makanike:
Akwai abin da ban ji kowa ya ambata ba, kuma shi ne ke sa a canza sil sau biyu sau uku a banza: numfashin injin. Kowane inji, ɗan hayaƙi yana tsallake ringin fistin ya sauka cikin kaskon mai. Akwai tiyo a murfin sama da ke fitar da shi zuwa hanyar shaƙar iska. In tiyon nan ya toshe da dauɗa, ko ringi sun cinye hayaƙin ya yi yawa, matsi zai taru a ciki ya nemi mafita, sai ya tura mai ta kowane sil da gaskit. Gwajin ba wuya: injin yana silo, ka kwance murfin zuba mai ka ɗora shi a bakin ba tare da ka murɗa ba. In ya zauna yana ɗan motsi, da sauƙi. In yana tsalle hayaƙi na bugowa da ƙarfi, to ba a sil gizo ke saƙar ba. Ka zare tiyon ma ka hura, ka ga ko iska na wucewa.

DirebanDaji:
Wannan gaskiya ne Baba. Haka yake a aksul ma. Akwai ɗan bututun numfashi a samansa, masu ratsa ruwa da taɓo sun san shi. In laka ta toshe shi, aksul ya yi zafi, sai ya turo man giya ta sil. A 80 ɗin nan za ka ga man ya gauraye da giris yana tsiyayowa ta ƙwallon da ke bayan tayar gaba.

Bature_4x4:
Shi ya sa na ƙara wa nawa dogon tiyo na kai shi har cikin bonet. Aksul mai zafi in ya shiga ruwan sanyi, iskar cikinsa tsukewa take yi ta zuƙo ruwa. In ka ga man giya ya koma fari-fari, ruwa ya shiga.

Hajiya_Prado:
Kuma duk mai niyyar juye man aksul ko na giyabos, ya fara kwance notin cikawa kafin na juyewa. In ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwantuwa, mota ta zauna ke nan.

Admin_Gareji:
Jama'a an fara nisa, mun koma aksul. Mu dawo kan tambayar bawan Allah: in ta tabbata sil ɗin baya ne, zai iya a gida ko ba zai iya ba?

Injiniya_B:
Sil ɗin kansa ba shi da wuyar sawa, isa gare shi ne aikin. Sai an cire farfela ta gaba da ta baya (sandunan da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa aksul), sandunan giya, sitata, wayoyi, a tallafe injin, a sauke ƙarfen da ke riƙe da giyabos, sannan a ja giyabos da ƙaramin giyabos baya. Su biyun a haɗe sun fi ƙarfin hannun mutum, kuma nauyinsu ba a tsakiya yake ba, gefe guda suke rinjaya. In babu jak na musamman mai faranti da sarƙa, ko rami, da mataimaki, ban ba da shawara ba. Bayan haka a cire kuloci da filawil. Notocin filawil da sifanar awon ɗauri ake mayar da su, bisa adadin da littafin gyara ya faɗa, ba da ƙiyasi ba. Kafin a sa sabon sil a shafa farce a inda tsohon ya zauna, in farcen ya maƙale a rami, sabon ma zai yi yoyo sai an sa siririn zoben gyara a kan karanshaf. A shafa wa leɓen sil ɗin mai, a shigar da shi daidai wa daida, kada gefe ya riga gefe. Kuma tunda an riga an buɗe, a duba kuloci, in ya kusa ƙarewa a canza shi a lokacin.

Mai_Walda77:
Ni na yi a gida kuma ya yi kyau. Ba sihiri ba ne. Ni da ƙanena muka yi, da jak ɗin giyabos na aro. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne mayarwa, kafin sandar giyabos ta shige tsakiyar kuloci. In ba a saita farantin kulocin da sandar saiti ba, haka za ku wuni kuna turawa. Kuma kada a ja giyabos da noti don a tilasta masa shiga, in bai zauna da kansa ba akwai abin da bai daidaita ba.

Ummu_Hilux:
Don girman Allah duk wanda zai shiga ƙarƙashin mota, kada ya dogara da jak kaɗai, kuma kada ya jera bulo. Bulo fashewa yake yi lokaci guda ba tare da gargaɗi ba. A sa ƙafafun ƙarfe na tallafe mota a ƙarƙashin shasi, a kan daɓe mai ƙwari, a girgiza motar da ƙarfi kafin a shiga. Wannan mota ta haura tan biyu.

Tsohon_Makanike:
Allah Ya yi miki albarka, 'yata. In ƙara da wanda ya shafi masu ƙafa huɗu: da zarar ka cire farfela, giyar da ka bar motar a ciki ba ta riƙe komai. A wasu motocin ma, kamar Land Rover Defender da tsofaffin Nissan Patrol, hambirki a bayan ƙaramin giyabos yake, ba a taya ba, ka cire farfelar baya ka cire hambirki ke nan. Haka mai otomatik in ƙaramin giyabos yana kan N, wato ba ya cikin giya, ko an sa P motar za ta gangara. Waigi gaba da bayan taya, kowane lokaci. A cire kan batir na negatif kafin a taɓa sitata.

Mai_Kuruza80:
Na dawo da labari. Na wanke, na barbaɗa hoda, na yi gwajin murfi kuma bai yi tsalle ba, tiyon numfashi a buɗe yake. Bayan na zaga na dawo, gindin filta da notin juye a bushe suke. Da na sa madubi a bayan injin sai ga siririn baƙin layi ya taso daga kusurwar murfin sama, ya ratsa hodar, ya gangara ta bayan kan injin har kan mahaɗar giyabos. Gaskit ɗin a wurin ya ɗan leƙo waje, na taɓa shi da tsinken sukudireba na ji ya yi tauri kamar busasshiyar fata. Sai dai a can ƙasan mahaɗar ma akwai danshi, ban iya rabe ko na saman ne ya sauko ko nasa ne daban ba.

Tsohon_Makanike:
Madalla. Wannan aikin gida ne. Ka sayi gaskit mai kyau. Ka share saman injin kafin ka ɗaga murfin, kada ƙasa ta faɗa kan kamshaf. Ka goge ramin da gaskit ke zama da leɓen kan injin har su bushe, ba maiƙo ko kaɗan, kuma kada ka kankare su da ƙarfe mai kaifi. Ɗaurin daga tsakiya ake farawa a nufi gefe, ana tsallakawa hagu da dama, a zagaya sau biyu ko uku a hankali. Ƙananan notoci ne, ba sa son ƙarfi. Yawan ɗauri shi ke murƙushe gaskit ya lanƙwasa murfi, ko ya tsinke notin, garin gyaran gira a rasa ido.

Sifana_Goma:
Ka shafe gaskit ɗin da gam sama da ƙasa, ba zai sake yoyo ba har abada.

Injiniya_B:
Nan ma ban goyi baya ba. Gaskit ɗin roba a bushe ake sa shi. Gam ɗigo kaɗan ne a kusurwoyin da ƙarfe biyu suka haɗu, inda littafi ya nuna. In aka lafta shi, rabi waje yake fitowa rabi ciki, na cikin ya guntule ya bi mai ya toshe rariyar famfon mai, kuma wannan ya fi yoyo muni nesa ba kusa ba. Inda gam yake aiki shi kaɗai shi ne kaskon mai na injunan Toyota da dama, waɗanda daga kamfani ba su da gaskit: siririn layi mara yankewa, a zagaye ramukan noti ta ciki, a haɗa cikin 'yan mintuna kafin ya yi fata, a jira aƙalla awa 2 kafin a tada injin. Kuma gam na inji, ba na gilashin taga ba.

Ummu_Hilux:
Masu Hilux da Prado na D-4D kada su ɗauka nasu ma haka yake da sauƙi. A injunansu na 1KD da 2KD nozul masu fesa dizal suna ƙarƙashin murfin, sai an kwance bututan dizal masu matsi mai tsanani kafin ya fita, kuma ƙura kaɗan in ta shiga bututun ta isa ta lalata nozul. 1HZ ba shi da wannan matsalar. Kaskon mai ma, a motar da aksul ɗin gabanta yake maƙale a shasi ƙarƙashin injin, wani lokaci sai an sassauta shi kafin kaskon ya fito.

DirebanDaji:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Motar da gaskit ɗin samanta ya bushe haka, sil ɗin bayanta ma shekarunsu ɗaya. Zai canza na sama, ɗigon ya ragu, amma ba zai ɗauke ba.

Hajiya_Prado:
Zai iya yiwuwa, Malam Direba, amma ko da duka biyun ne, ai da mai sauƙin ake farawa. Ya canza na sama, ya sake wankewa, ya sake sa hoda, sannan a san gaskiyar na ƙasan. Kuma tsohon man da ya taru a lungunan mahaɗar zai ci gaba da ɗiga na ɗan lokaci ko an gyara, kada ya gani ya karaya.

Bature_4x4:
In hodar ba ta raba gardama ba, akwai rinin da ake zubawa a cikin mai, a haska da fitila mai shuɗin haske, sabon yoyo ya riƙa ƙyalli, tsohon maiƙo kuma bai yi. Sannan tunda kana wurin, buɗe murfin taimin bel ka leƙa. In akwai mai a ciki, mai yiwuwa sil ɗin kamshaf ne, kuma bel ɗin da ya sha mai canza shi ake yi, don in ya tsinke fistin da bawul za su haɗu.

Mai_Walda77:
A sa safar hannu, tsohon baƙin mai ba ya da kyau ga fata. Tsummokaran da ruwan wankin ma kada a bari su bi kwata ko su shiga ƙasa, a tara man a jarka a kai wa masu karɓa.

Mai_Kuruza80:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Gaskit ɗin sama zan fara canzawa, in leƙa taimin bel kamar yadda aka ce. Tambaya ɗaya ta rage: in na gama kuma ƙasan ya ci gaba da danshi kaɗan, ba ɗiga ba, in bar shi har lokacin canjin kuloci, ko in sauke giyabos tun yanzu?

Injiniya_B:
In danshi ne kawai, geji bai motsa ba, kuloci ba ya sulɓi ko karkarwa lokacin tashi, ni zan bar shi in haɗa su aiki ɗaya.

DirebanDaji:
Ya danganta da inda kake shiga da ita. Mai yawon cikin gari zai iya jira. Ni da nake kwana biyu a hanya ban ga gareji ba, ba zan fita da sil ɗin da nake shakka ba.

Tsohon_Makanike:
Ka canza na saman tukuna, ka turo mana hoton mahaɗar bayan ka yi tafiya mai ɗan nisa. Ka ɗauko ta sama da ta ƙasa, da hodar a jiki.